Takardar Ɗalibi a Hannun Mai Gyara: Yadda Aka Koyi Rubutu a Ƙasar Katsina

Matashin da ya tashi a Batsari ko Safana yana son zama malamin makaranta, hanyarsa a yau ba ta da nisa. Na Safana zai gangara Dutsin-Ma, inda Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita take, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Na Batsari zai nufi birnin Katsina, ya shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Duk inda irin wannan matashi ya sauka a ƙasar nan, za a karantar da shi nahawu da ƙa'idojin rubutu da rabe-raben insha'i da dabarun koyarwa, da Hausa ko da Turanci, ya ci jarrabawa a kansu, ya karɓi takardar shaida. Abin da ba kasafai yake samu ba shi ne wanda zai zauna da shi a kan shafin da ya rubuta da hannunsa, ya nuna masa inda jimla ta karye da inda hujja ta yi rauni, ya ce masa je ka sake ka dawo. Masana harkar ilimi sun daɗe suna kokawa cewa ƙa'ida tana gabas aiki yana yamma, kuma maganin da suka fi kawowa shi ne a ƙara darussa ko a tsawaita koyarwar gwaji. Tarihin ƙasar Katsina yana nuna wani abu dabam. Duk lokacin da rubutu ya yi albarka a nan, wuri ɗaya ne ƙa'ida da aiki suka haɗu, wato a kan rubutun ɗalibi yana hannun mai gyara, alhali akwai wani mai karatu da ke jiransa. Da aka cire mai gyaran nan ne abin ya rabu biyu.

Makarantar allo ce tushen wannan tsari, kuma har gobe tana nan a zaurukan Ruma da Wagini da Runka da Zakka. Yaro yana fara babbaƙu, ya wuce farfaru, malam yana rubuta masa a allo yana biya masa. Da hannunsa ya ɗan nuna, sai a miƙa masa alƙalami da tawada ya rubuta da kansa, amma ba zai karanta abin da ya rubuta ba sai an duba. Wasalin da ya faɗi ƙasa maimakon sama, da harafin da aka ja inda bai kamata ba, nan take ake gyara su, a kan allon, da tawadar da ba ta gama bushewa ba. Babu wata ranar da aka ware don laccar ƙa'idar rubutu. Ƙa'idar tana zuwa ne daidai lokacin da kuskure ya nemi ta zo, shi ya sa take zama a ka. A manyan tsangayu gardawa sukan kawo allunansu gaban alaramma a yi darasu, mai allo yana karantawa, sauran suna sauraro, duk wanda ya ji tuntuɓe ya yi magana. Kuma shaidar ƙarshe ta wannan karatu ba amsa tambayoyi ba ce. Wanda yake son a kira shi alaramma sai ya zauna ya rubuce Alƙur'ani da ka, masana su bi shi shafi-shafi su tabbatar.

Mai musu zai ce wannan kwafa ne kawai, ba ƙirƙira ba, don haka ba shi da abin da zai koya wa malamin insha'i. Gaskiya ne allo ba ya koyar da tsara magana, kuma ba don haka aka yi shi ba. Amma karatun bai tsaya a allo ba. Wanda ya sauke yana shiga makarantar ilimi, ya ɗauki nahawu daga Ajurumiya har Alfiya, ya karanta Ishiriniya da Muƙamatul Hariri don lugga da fasaha, kuma malamai suna da hanyar da suke ratsawa da ɗalibi daga kwafa zuwa ƙirƙira. Tahamisi yana cikinta: a ɗauki baitin wani gwani, a gina masa ɗangwaye uku a gaba, ya zama biyar, ba tare da an karya karinsa ko amsa-amonsa ko ma'anarsa ba. Wanda ya yi tahamisi ya yi aiki da arulli da nahawu da balaga a lokaci guda, kuma in ya kauce, baitin asali da ke ƙasa zai tona shi kafin ma malami ya buɗe baki. Sharhi ma haka ne, domin mai sharhi dole ya fahimci ginin jimlar wani kafin ya gina tasa. Katsina ta yi suna da irin waɗannan malamai tun ƙarni na 17. Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya yi wa Ishiriniya sharhi, Wali Ɗan Marina kuma an san shi da waƙoƙin Larabci. Muhammadu al-Katsinawi ya tafi da ilimin da ya samo a wannan yanki har Misira, ya yi rubuce-rubuce a kan lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ba a yi waɗannan mutane da haddar ƙa'ida kaɗai ba, ba a kuma yi su da rubutu barkatai babu mai dubawa ba.

Akwai kuma rubutun aiki, wanda ya fi kusa da rayuwar yammacin Katsina. A ƙarni na 19, bayan jihadi, ƙasar Ruma da dajin Rugu bakin daga ne tsakanin masarautar Katsina da Katsinawan da suka koma Maraɗi, kuma mulki a irin wannan zamani yana tafiya ne da manzo da wasiƙa. Wasiƙar fada tana da tsari sananne: a fara da sunan Allah, a faɗi daga wane zuwa wane da laƙabin da ya dace da kowa, a yi gaisuwa, sannan a shiga magana a taƙaice, a buga hatimi. Tarin wasiƙun Larabci da Turawa suka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda aka fassara aka buga a 1927, sun nuna yadda wannan tsari ya kafu a duk faɗin daular. Magatakarda yana koyonsa ne a gefen wani magatakarda, kuma kuskure a nan yana da tsada, don laƙabin da aka rage wa basarake yana iya zama rigima. Da Turawa suka zo, aka naɗa Sarki Muhammadu Dikko a 1906, aka kafa baitulmali, aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, sai buƙatar masu rubutu ta ninka. Kowane hakimi, har da Sarkin Ruma da Yariman Katsina waɗanda Batsari da Safana ke hannunsu a yau, sai da malamai: mai rubuta haraji, mai ƙidayar shanu don jangali, mai ajiye littafin kotun alƙali. Takardar malamin gunduma tana tafiya birni, wani ya karanta ta, in ba ta yi ba a maido ta. Ko talakan da ɗansa ya tafi cin rani yana neman mai rubuta wasiƙa, kuma shi ma yakan ce a karanta masa ya ji, ya ce a'a, ba haka na ce ba, gyara.

Boko ya shigo da sabuwar ƙa'ida. Hans Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da dokokin rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa a 1912, ƙamus ɗin Bargery kuma ya fito a 1934. Tsakanin waɗannan ne aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Ginin ƙasar nan nata yana nan har yau a matsayin gidan tarihi. Ɗalibanta tsiraru ne da aka tsinto daga lardunan Arewa, suna shekara biyar, malamai sun san kowa da sunansa da irin kuskurensa. Turanci ne harshen koyarwa, kuma a kansa aka fi zuba ƙarfi, musamman lafazi, har ya zama ana gane ɗan Kwalejin Katsina da zarar ya buɗe baki. Ahmadu Bello ya yi ta daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Imam daga 1927 zuwa 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Ba don yaye marubutan Hausa aka kafa ta ba, kuma cikin shekaru goma na farkonta ba ta yi suna da wannan ba. Ta ba ɗalibanta nahawu da karance-karance da horon tsanaki, amma duk wannan yana kwance ne kamar iri a rumbu, yana jiran wanda zai ce a fito da shi.

Wanda ya faɗi haka shi ne Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya. A 1933 ya zagaya garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai don gasa, kuma shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ya sha wuya kafin ya shawo kansu, domin a ganin malamin wancan zamani tatsuniya ta mata da yara ce, alƙalami kuwa na ilimi ne. Littattafai biyar aka buga daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Aƙalla uku daga cikin marubutan suna da alaƙa da Kwalejin Katsina, biyu ɗalibanta, Bello Kagara kuma malaminta. Imam a lokacin yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Shi da yayansa Bello 'ya'yan malami ne, sun yi karatun zaure kafin boko, kuma masu nazari sun gano sawun littattafan Larabci irin su Muƙamatul Hariri a cikin Ruwan Bagaja. Ke nan ilimi biyu ne suka taru a kansa, na zaure da na kwaleji, amma babu wanda ya zama littafi sai da aka samu mai nema, da wa'adi, da alkawarin cewa za a buga a karanta.

Abin da ya faru a 1936 ya fi gasar muhimmanci ga mai son sanin yadda ake koyar da rubutu. An ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya na wata shida, East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya ce ya karanta ya ga yadda aka gina su, sannan ya rubuta nasa. Imam yana rubutawa, East yana dubawa, suna tattaunawa, ana sakewa. Daga wannan zama Magana Jari Ce ta fito, littafi uku, waɗanda yaran Batsari da na Safana suka yi ta karantawa a aji shekara da shekaru. Ƙa'ida tana cikin wannan zama ƙwarai da gaske: yadda ake saka labari cikin labari, yadda ake riƙe mai karatu daga dare zuwa dare, yadda ake mayar da hikayar wata ƙasa ta zama ta Hausa har a manta baƙuwa ce, yadda ake raba kalmomi da sa alamomin tsayawa a rubutun da bai daɗe da samun doka ba. Sai dai duk an koye su ne a kan shafin da Imam ya rubuta jiya, don a gyara wanda zai rubuta gobe. A ganina babu wata kwaleji a Arewa da ta taɓa shirya darasin insha'i da ya kai wannan wata shida amfani, alhali ɗalibi ɗaya ne da malami ɗaya, kuma ba jarrabawa a ƙarshe.

Ba za a ƙi sauraron masu cewa wannan yabo ya yi yawa ba. East ma'aikacin mulkin mallaka ne, abin da yake so shi ake bugawa, kuma hukumarsa tana cikin abubuwan da suka ture ajami gefe, suka mayar da dubban malamai masu rubutu kamar ba su iya rubutu ba a idon gwamnati. Wannan asara ce ta gaske, kuma ƙauyukan yammacin Katsina, inda allo ya riga boko da ɗaruruwan shekaru, suna cikin waɗanda suka fi jin ta. Haka kuma mai gyara yana iya danne muryar wanda yake gyara wa, ya mayar da kowa irinsa. Amma illar mai gyara mai danniya ba ta zama hujjar a zauna babu mai gyara ba. Shaidar kuwa ita ce Imam kansa. Hausar Magana Jari Ce, da barkwancinta da karin maganarta da yadda mutane ke zolayar juna a ciki, ba daga bakin Bature ta fito ba. Da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, Imam ne editanta na Hausa, kuma a shafukanta ya riƙa faɗar abin da ba kullum yake yi wa hukuma daɗi ba. Wanda aka gyara wa ya zama mai gyara wa wasu, da muryarsa.

Jaridar ta buɗe wata makaranta da ba ta da bango. Malamin elementare a gunduma, ko malamin haraji, ko ɗan kasuwa, yana iya rubuta wasiƙa zuwa Zariya, bayan makonni ya ga sunansa da na garinsu a buge, ya kuma ga abin da edita ya rage da abin da ya daidaita. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi na Katsina yana cikin jagororinsa, abin ya ƙara saukowa ƙasa. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya. Masu wannan shiri sun fahimci cewa dattijon da ya koyi baƙaƙe a ajin yamma zai manta su kafin damina biyu in bai sami abin karantawa da wurin aika nasa ba.

Rabuwar ta zo ne ta hanyar alheri, shi ya sa da wuya a ga laifinta. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba suka samu, kuma babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da haka. Amma malamai sai da aka yi su cikin gaggawa, aka buɗe kwalejoji, aka gajarta horo, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don karatu daga nesa. Daga baya aka ɗaga mafi ƙarancin shaidar koyarwa zuwa NCE, aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi a 1989, ta tsara manhaja ɗaya ga kowa. A daidai wannan zamani nazarin Hausa ya bunƙasa a jami'o'i: nahawun Galadanci ya fito a 1976, Ɗangambo ya rarraba adabi, Ibrahim Yaro Yahaya ya rubuta Hausa a Rubuce a 1988, an yi tarurrukan daidaita rubutu tun daga na Bamako a 1966 har na Yamai a 1980. Hausa ba ta taɓa samun ƙa'ida mai yawa da inganci kamar haka ba. Sai dai an yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace da lambarta da zangonta da makinta, malami guda yana fuskantar ɗaruruwan ɗalibai, kuma abin da ya fi sauƙin ba wa maki shi ne a ce kawo ma'anar insha'i da ire-irensa. Ɗalibi yana iya lissafa su duka ba tare da ya rubuta ko ɗaya sau biyu ba. Wannan daidai yake da a zaunar da yaro a ɗaki a haddace masa sunayen sassan garma, sannan a ba shi shaidar ya iya huɗa.

Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba. A Amurka, inda darasin rubutu ya zama wajibi ga sabon ɗalibin jami'a tun Harvard ta fara shi a ƙarshen ƙarni na 19, wani babban rahoto na ƙungiyar malaman Turanci a 1963 ya tattara binciken shekaru ya gano cewa koyar da nahawu shi kaɗai, a ware daga rubutun ɗalibi, kusan ba ya ƙara wa rubutu komai. A 1974 aka fara wani shiri a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya yaɗu a ƙasar, bisa sharaɗin cewa mai koyar da rubutu dole shi ma ya riƙa rubutu, a karanta a gyara masa. Sun kashe kuɗi da shekaru kafin su iso inda alaramma yake zaune da alluna a gabansa.

Wani zai juya maganar ya ce, to ai marubutan soyayya sun nuna ƙa'ida ba ta da amfani. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa, galibi mata, suka cika kasuwa da littattafai ba tare da izinin wata hukuma ko jami'a ba: Balaraba Ramat Yakubu, Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa, da ɗaruruwa irinsu. Sun samu abin da kwaleji ta rasa, wato mai karatu mai jira, wanda zai sayi kashi na ɗaya ya dawo neman na biyu. Ibrahim Malumfashi ya soke su da sunan adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya kare su, aka yi ta muhawara a jaridu. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Littattafan sun sa mata da yawa karatu, sun taɓo auren dole da kishi da saki da babu mai taɓawa. Amma da yawansu sun fito babu wanda ya duba, kalmomi a haɗe inda ya kamata a raba, labari yana maimaita kansa, kuma yawancinsu sun ɓace tare da takardar da aka buga su a kai. Yau abin ya koma waya, ana rubuta babi a tura Facebook ko WhatsApp cikin dare ɗaya. Wannan ba hujja ba ce a kan ƙa'ida. Rabin tsarin ne kawai, kamar yadda kwaleji ke riƙe da ɗaya rabin, kuma mai gyara ne ya ɓace daga tsakaninsu.

Musun da ya fi nauyi shi ne na yawa. East yana da Imam ɗaya, malamin kwaleji yana da ɗari uku, ga ƙarancin albashi, ga wani ajin yana jira. Wanda ya ce ya karanta rubutun kowa sau biyu bai san aikin ba. Na yarda da lissafin, ban yarda da inda ake kai shi ba. Tsangaya ma ba ta taɓa rasa yawa ba, kuma alaramma ba shi ke duba allon kowane kolo ba. Gardi ne ke duba na ƙarami, alaramma ya duba na gardi, kuma gardin yana ƙara ƙwarewa da dubawar da yake yi. Ɗalibin kwalejin ilimi ya fi kowa buƙatar wannan, domin gyaran rubutun yara shi ne aikin da zai yi har ya yi ritaya, kuma abin mamaki ne a yaye shi bai taɓa yi a gaban wanda ya fi shi ba. 'Yan shekara ta uku za su iya duba na 'yan shekara ta ɗaya, malami ya duba gyaran nasu, ya ɗauko shafi biyu ko uku a karanta a aji, a ciro ƙa'idar ranar daga cikinsu. Shafi guda da aka sake sau uku ya fi jinga goma da aka maka aka jibge a ofis. A yanzu wuri ɗaya ne ya rage inda ɗalibi ke kai rubutu a maido masa da jan biro, wato kundin kammala karatu, kuma yana zuwa ne a zangon ƙarshe, lokacin da hannu ya riga ya sandare, shi ya sa da yawa suke neman na wani su kwafa.

Saura mai karatu, kuma a nan Batsari da Safana ba su da ƙarancin abin faɗa ko wanda zai saurara. Shekarun nan na 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a gefen Rugu, sun rufe makarantu, musamman bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, har aka katse layukan waya a ƙananan hukumomin Batsari da Safana da maƙwabtansu a 2021. Mafi yawan abin da duniya ta karanta game da yankin, baƙi ne suka rubuta shi daga Abuja ko Kaduna, da Turanci, a layi biyar. Al'ummar da ke son kai koke gaban gwamnati, ko lissafa gonakin da aka bari, ko neman a sake buɗe asibiti, tana buƙatar wanda zai tsara takarda ta tsayu da ƙafafunta, kuma a ƙauye malamin firamare ake nufa da wannan. Ɗalibin da ya fito daga Runka ko Ruma yana iya rubuta shafinsa na farko a kan burtalin da ya bi ta bayan garinsu da yadda aka cinye shi, ko yadda ake ƙidayar jangali, ko tarihin ganuwar garin, a gyara masa, ya sake, a tara a buga ɗan ƙaramin littafi da yaran firamaren garin za su karanta lokacin da ya je koyarwar gwaji. Masu ba da labarin suna nan tukuna, amma ba su da yawa. Wanda ya shiga ajin Yaƙi da Jahilci yana saurayi a 1955, ya karanta Himma a zauren mai gari, in yana raye yau ya doshi shekara 90.